SARKIN KANO ALWALI, MUTUMIN DA YA FASA DIRKI

A wannan mako za mu leƙa fadar Kano ta zamanin da, mu ji labarin wani sarki wanda a nan arewacin Kano aka yi yaƙin da ya raba shi da gadon sarauta, a tsakiyar gonakin gero da dawa irin waɗanda muke nomawa yau. Sunansa Muhammadu Alwali ɗan Yaji, sarki na 43 a jerin sarakunan Kano, shi ne kuwa na ƙarshe cikin sarakunan Hausa waɗanda ake ce wa Haɓe. Ya hau sarauta a 1781, aka kashe shi wajen 1807.

Abu biyu aka fi tunawa da shi a kansu. Na ɗaya, a hannunsa ne Kano ta faɗi ga masu jihadi. Na biyu, shi ne ya sa aka sassare Dirki da gatura, wato wani abin tsoro na gidan sarauta wanda aka yi kusan shekara 200 ana yanka masa dabbobi. Mutane da yawa sun haɗa abubuwan nan biyu, suka ce fasa Dirki ne ya jawo faɗuwar sarki. To, bari mu bi labarin a hankali, mu ga ko haka ɗin ne.

GIDAN DA YA FITO

Alwali ɗan gidan Kutumbawa ne, wato zuriyar Sarki Kutumbi wanda ya yi mulki daga 1623 zuwa 1648, wanda shi ma sunansa na yanka Muhammadu Alwali. Mahaifinsa Yaji ya yi sarauta daga 1753 zuwa 1768, mutum ne mai sanyin hali, har aka yi masa laƙabi da Malam Lafiya. Mahaifiyarsa kuwa ana kiranta Baiwa. 'Ya'yan Yaji uku ne suka gaji juna bi da bi: Babba Zaki daga 1768 zuwa 1776, Dauda Abasama daga 1776 zuwa 1781, sa'an nan Alwali.

Kanon da ya gada gari ne mai arziki. Akwai saƙa, akwai rini, akwai jima, fatake kuma suna sauke kaya a kasuwar Kurmi daga Barno da Gwanja da ƙetaren hamada. Amma a ƙarƙashin arzikin nan akwai ƙorafi wanda ya daɗe yana taruwa. Sarki Sharefa, wanda ya yi mulki daga 1703 zuwa 1731, ya ƙago haraji iri iri, har da na kasuwar Kurmi da na 'yan mata in za a yi musu aure. A zamaninsa ne kuma wuri ya shigo ƙasar Hausa. Ɗansa Kumbari, daga 1731 zuwa 1743, ya matsa wa 'yan kasuwa ƙwarai, ya ɗora wa malamai ma haraji, har Larabawan gari suka kwashe kayansu suka koma Katsina, talakawa da yawa suka watsu cikin ƙauyuka. Ga kuma yaƙi da Gobirawa wanda ya ci mutane a zamanin Kumbari da na Kabe.

Wansa Babba Zaki sarki ne mai zafi, hakimai suna jin tsoronsa. Shi ne ya fara ajiye 'yan bindiga suna tsaronsa. Cikin garuruwan da ya kai wa yaƙi akwai wani gari a kudancin ƙasar Kano mai suna Burumburum, ya ci shi da ƙarfi, ya kama mutanensa. Mai karatu ya riƙe sunan garin nan, gama za mu komo kansa.

MENE NE DIRKI?

Mafi yawan abin da aka sani game da Dirki ya fito ne daga littafin Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci. Wani Bature mai suna Palmer ya juya shi zuwa Turanci a 1908, aka kuma buga shi da Hausa a Zariya cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu a 1933.

Littafin ya nuna cewa an fara Dirki ne a zamanin Sarki Muhammadu Zaki, wanda ya yi mulki daga 1582 zuwa 1618. Zamani ne mai tsanani. Kwararrafa sun zo sun cinye ƙasa har mutanen birni suka gudu Daura, Katsinawa suna kawo hari ba dare ba rana, aka kuma yi yunwa ta shekara 11. A cikin wannan tsoro ne aka naɗe wani abu a fatar akuya aka ajiye shi domin ya zama kariyar gari da ta sarauta. Da tafiya ta yi tafiya sai aka koma fatun shanu, ana ƙara fata a kan fata, daga goma har aka kai arba'in. Waɗanda suka naɗe shi da fari suka mutu, 'ya'yansu suka mutu, sarakuna fiye da goma suka zo suka wuce, ƙunshin yana ta girma, tsoronsa ma yana ta girma.

Kada abin ya ba mu mamaki. Tun kafin Bagauda, mutanen Dala suna da Tsumburbura, Barbushe ne mai shiga wurinsa ya fito ya faɗa musu abin da shekara za ta kawo. Musulunci ya shigo fada ta hannun Wangarawa a zamanin Yaji na farko, tsakanin 1349 da 1385, amma duk sa'ad da yaƙi ya yi zafi sai a ga sarki ya waiwayi al'adar kakanni. Kanajeji ɗan Yaji ya yi haka sa'ad da Zazzagawa suka kore shi. Ashe Dirki ya tsiro ne a ƙasar da aka saba haɗa sabon addini da tsohon tsafi a tukunya ɗaya.

RUMBUNAN SARKI DA SHANU ARBA'IN

Abin da Alwali ya fara yi da hawansa sarauta shi ne tara gero da dawa, domin shirin yaƙi da yunwa. Manomi ya san hikimar wannan, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Duk wanda ya ga farin 1973 ko na 1984 a ƙasar Ɗambatta da Bichi da Kunci ya san bambancin gidan da ke da tsohon hatsi a rumbu da gidan da ba shi da shi. Amma manomi ya san wani abu kuma: hatsin da ke rumbun sarki daga gona ya fito, ko gandun sarki ko gonar talaka. Duk da wannan tanadi, yunwa ta auko wa ƙasar Kano a zamaninsa.

A cikin wannan hali ne manyan fada suka zo masa da maganar Dirki. Suka tambaye shi dalilin da ya sa ya hana shanun da aka saba bayarwa. Ya amsa musu cewa ba zai iya fid da shanu arba'in saboda Dirki ba. Suka tsoratar da shi da cewa duk Sarkin Kanon da ya hana su shanun nan, suna jin tsoron wani mugun abu zai same shi.

Mu tsaya nan kaɗan mu yi lissafi irin na ƙauye. Saniya arba'in garke ne guda. Nono ne ga yara, taki ne ga gona, abin sayarwa ne a sayi hatsi in rumbu ya ƙare. A shekarar da mata ke tafasa ganye su ba 'ya'yansu, ana neman a yanka garke guda saboda ƙunshin fata. Sa'an nan mu lura da cewa a hannun fadawan ne shanun za su shiga. Dirki ba shi da baki, ba ya cin nama. Fatar ce tasa, naman kuwa akwai masu ci. Saboda haka ranar da Alwali ya hana shanu, ya taɓa tsoron mutane, ya kuma taɓa tukunyar waɗansu manya.

Sarki ya husata ƙwarai. Ya aiki samari da gatura, suka yi ta saran Dirki har abin da ke cikin fatun ya fito. Da aka duba sai ga Alkur'ani mai kyaun rubutu. Alwali ya tambaya ko wannan ne Dirkin da ake ta faɗa, aka tabbatar masa cewa shi ne. Ana ba da labari cewa mutane suka yi masa baki a ranar, cewa yadda ya fitar da littafin daga cikin Dirki haka shi ma za a fitar da shi daga ƙasar.

JIHADI YA ISO KANO

A watan Fabrairu na 1804 Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu. A watan Yuni na shekarar nan jama'arsa suka kori rundunar Sarkin Gobir Yunfa a Tabkin Kwatto. Labari ya bazu ko'ina cikin ƙasar Hausa. Abubuwan da Shehu da almajiransa suke zargin sarakuna da su sun haɗa da harajin zalunci, da ƙwace dukiyar talaka, da jangali mai nauyi, da garwaya addini da tsafi. Abin lura a nan shi ne, a kan wannan na ƙarshe Alwali ya riga ya yi abin da malaman suke nema, ya fasa abin da ake yi wa yanka. Amma fasa Dirki bai sauke haraji ba, bai kuma mayar wa kowa da saniyarsa ba.

A ƙasar Kano masu bin Shehu suka taru a Kwazazzabo, yamma da birni. Cikin shugabanninsu akwai Malam Jamo na Sulluɓawa, da Malam Dabon Dambazau, da Malam Ɗanzabuwa na Danejawa, da Malam Jibir na Yolawa, da Malam Bakatsine na Joɓawa. Ba Fulani kaɗai ba ne, akwai malaman Hausawa a cikinsu, kamar Malam Usman wanda ake kira Bahaushe. Alƙali Muhammadu Zangi ya rubuta labarin wannan yaƙi daga baya cikin littafinsa Taƙyidul Akhbar. An ce da fari Alwali ya so a sasanta, amma manyan fadarsa suka ƙi. Aka yi ta gwabzawa wajen shekara uku, yau a ci wannan gari, gobe a ƙone wancan, manoma ne kuwa a tsakiya, gama kowace runduna da hatsinsu take ci.

Alwali ya nemi gudummawa daga Katsina da Daura, su ma wutar tana bakin ƙofarsu. A nan ne wani shugaban Fulani na arewacin Kano mai suna Ɗantunku ya yi suna, domin ana tunawa da shi a kan cewa shi ya hana rundunonin sarakunan nan uku su haɗu wuri ɗaya. Shi ne daga baya ya yi wa Sarkin Kano Ibrahim Dabo tawaye daga Ɗambatta a 1819, har abin ya kai ga kafa masarautar Kazaure, wadda take cikin Jihar Jigawa tun 1991.

Babban karo aka yi shi a Ɗanyaya, arewa da birnin Kano. Sarki ya fito da dawaki masu lifidi da sulke, abin da Kano take taƙama da shi tun zamanin Kanajeji. Masu jihadi kuwa ƙarfinsu na baka da kibiya ne, ga shi kuma sun san abin da suke yaƙi dominsa. Aka yi kwanaki ana fafatawa, daga ƙarshe rundunar sarki ta watse. Daga wannan rana sarautar Kutumbawa ba ta sake miƙewa ba.

ZARIYA, RANO, BURUMBURUM

Alwali ya bar birni ya nufi Zariya neman mafaka. Zazzagawa suka tambaye shi abin da ya fitar da shi daga Kano. Ya gaya musu cewa abin da ya kore shi daga garinsa mai yiwuwa ne shi zai kore su daga nasu. Ya kuma faɗa musu a fili cewa ya ga gaskiyar al'amarin da idonsa, tsoron ransa ne ya fitar da shi, ba ceton mata ko dukiya ba. Maganar nan ba ta yi musu daɗi ba, suka kore shi da zagi. Da sun tuna da karin maganar da ke cewa in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ka shafa wa naka ruwa, da ya fi musu. A ƙarshen 1808 Malam Musa ya shiga Zariya, Sarki Makau ya gudu kudu wajen Zuba, inda 'yan'uwansa suka kafa Abuja ta farko, wadda ake kira Suleja yanzu.

Daga Zariya Alwali ya komo ƙasar Rano, ya shiga Burumburum, garin nan da wansa Babba Zaki ya taɓa ci da yaƙi. Can masu jihadi suka bi shi, suka kashe shi. Littafin Tarihin Kano ya ce ya yi shekara 27 yana sarauta, uku daga ciki a fagen yaƙi. Malam Sulaimanu ya zama Sarkin Kano na farko a sabon tsari, bayansa Ibrahim Dabo ya hau a 1819, zuriyarsa ce kuwa take riƙe da sarautar tun daga lokacin.

ASHE DIRKI NE YA KAMA SHI?

Ga inda ya kamata mu yi tunani. In fasa Dirki ne ya kayar da Alwali, to, sarakunan da ba su fasa kome ba fa? Daura tana da takobin da ake dangantawa da Bayajidda, tana da rijiyar Kusugu, amma aka kori Sarkinta Abdu a shekarun nan, zuriyarsa ba su komo gadon Daura ba sai a 1906. Katsina tana da takobinta Gajere wanda ake dangantawa da Korau, amma sarakunanta suka ƙare a Maraɗi. Zazzau ta faɗi, Alƙalawa babban birnin Gobir ta faɗi a watan Oktoba na 1808. Guguwa ɗaya ce ta kwashe su duka, da wanda ya fasa nasa da wanda ya adana.

Abin da ya kayar da Alwali a fili yake. Akwai harajin da aka yi shekara ɗari ana ɗorawa, akwai yunwar da ta raunana ƙasa, akwai makiyaya da malamai da talakawa masu jin an zalunce su, akwai kuma fada wadda kanta ba a haɗe yake ba. In Dirki yana da hannu a ciki, to, ta wannan hanya ce: sarkin da ya kunyata manyansa a gaban jama'a, ya kuma toshe musu hanyar samu, da wuya su tsaya masa da zuciya ɗaya ranar yaƙi. Sojan da ya tafi fagen fama yana jin an riga an yi wa ubangidansa baki kuwa, ƙafarsa ɗaya tana hanyar gida.

Sa'an nan mu tuna da lokacin da aka rubuta labarin. Littafin ya tsaya ne a kan Sarki Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1893, masana da yawa kuma suna ganin a zamaninsa aka haɗa shi. Wato kimanin shekara 80 ke nan bayan mutuwar Alwali, a fadar waɗanda suka gaji masu korarsa. Labarin da aka faɗa bayan abu ya riga ya faru yakan zo a shirye, kowane baki da aka yi sai a ga ya kama, waɗanda ba su kama ba kuwa an manta da su. Duk da haka marubucin ya yi adalci a wuri ɗaya, ya faɗa ƙarara cewa Dirki ba kome ba ne illa Alkur'ani.

DUTSEN SARAUTAR SIKOTILAN

Kada wani ya ce wannan halin baƙar fata ne kaɗai. Turawan Sikotilan, arewa da Ingila, suna da wani dutse mai nauyin kilo 152 wanda a zamanin da a kansa ake naɗa sarakunansu a wani wuri mai suna Sikun. Labarin da aka daɗe ana bayarwa shi ne, wai shi ne dutsen da Yakubu ya yi matashin kai da shi a Betel daren da ya yi mafarkin tsani, kamar yadda muke karantawa a Farawa sura 28. Wai daga can aka kai shi Masar, aka bi da shi ta Sifen da Ayalan, har ya iso Sikotilan.

A 1296 Sarkin Ingila Edwad na farko ya ci ƙasar da yaƙi, ya ɗauke dutsen ya kai Landan, aka sa shi a ƙarƙashin kujerar naɗin sarauta a majami'ar Wesminista. Nufinsa mutanen su san sarautarsu ta ƙare. Amma a 1306 suka naɗa Robert Bruce a Sikun ba tare da dutsen ba, a 1314 kuma ya kori rundunar Ingila a yaƙin Bannockburn. Ashe rashin dutse bai hana su sarki ba, bai hana su nasara ba.

Ranar Kirsimati ta 1950 waɗansu ɗalibai huɗu na jami'ar Gilasgo suka sace dutsen daga majami'ar, wajen jansa ya rabu biyu. Aka gyara shi a ɓoye, aka ajiye shi a kangon majami'ar Arbroath a watan Afrilu na 1951, hukuma ta mayar da shi Landan. A kansa aka naɗa Sarauniya Elizabeth a 1953. A 1996 gwamnati ta mayar da shi Sikotilan, aka ajiye shi a Edinbara. An kai shi Landan domin naɗin Sarki Charles a 2023, a 2024 kuma aka mayar da shi gidan tarihi na garin Perth, kusa da Sikun.

Har yau akwai masu cewa na jabu ne. Waɗansu sun ce limaman Sikun sun ɓoye na ainihi suka ba Edwad wani dutse dabam, waɗansu kuma sun ce ɗaliban 1950 kwafi suka mayar. Masana duwatsu dai sun bincike shi, suka tarar jan dutse ne mai yashi irin wanda ake haƙowa a kewayen Sikun ɗin kanta. Saboda haka tsohon dutse ne na gaske, an naɗa sarakuna a kansa shekaru ɗaruruwa, amma bai taɓa ganin Betel ba, Yakubu kuma bai taɓa ɗora kansa a kai ba.

Mai karatu zai ga kamar da ke tsakanin labaran nan biyu. A Kano abin da ke ciki na gaske ne, littafi ne mai daraja wanda wani malami ya zauna ya rubuta da hannunsa, fatun da tsoron ne aka ƙara masa daga baya. A Sikotilan ma dutsen na gaske ne, labarin Yakubu ne fatar da aka naɗe shi da ita. Kowace tsara takan ƙara tata fatar, har a wayi gari ba mai tuna abin da aka fara naɗewa.

ABIN DA ZA MU ƊAUKA

Mu da muke karanta Littafi Mai Tsarki, wannan al'amari ba baƙo ba ne a wurinmu. Macijin tagulla wanda Musa ya yi a jeji na gaske ne, ba jabu ba, bisa umarnin Allah kuma aka yi shi. Amma da Isra'ilawa suka mai da shi abin ƙona wa turare, Sarki Hezekiya ya farfashe shi, kamar yadda 2 Sarakuna sura 18 ta nuna, aka kuwa yaba masa. Urushalima ba ta faɗi a hannunsa ba, ko da Assuriyawa suka zo mata da yaƙi. A 1 Sama'ila sura 4 kuwa Isra'ilawa suka ɗauki akwatin alkawari zuwa fagen yaƙi suna zaton shi zai cece su, alhali 'ya'yan Eli suna ta aikata mugunta, sai Filistiyawa suka kore su, suka ƙwace akwatin. Wanda ya fasa ya tsira, waɗanda suka riƙe suka sha kashi. Abin da aka duba shi ne halin mutanen da aikinsu.

Alwali ya yi ƙarfin hali ranar da ya ce a buɗe a gani, gama gani ya kori ji. Ya ƙi yanka garke guda a shekarar yunwa, wannan ma abin yabo ne. Inda ya gaza shi ne, ya fitar da littafin daga cikin fata amma bai kai ga sauke nauyin da kakanninsa suka ɗora wa talakawa ba, lokaci kuma ya ƙure masa. Shugaban da yake so mulkinsa ya daɗe, ko mai unguwa ne, ko dagaci, ko dattijon ikilisiya, ko maigida a cikin gidansa, ya duba mudun da yake auna wa na ƙasa da shi kafin ya duba layar da ke aljihunsa.

Sa'an nan kowa ya leƙa ɗakinsa. Akwai mai binne ƙaho a kusurwar gona, akwai mai rataye laya a bakin rumbu, yana kuwa zuwa sujada ranar Lahadi. Akwai kuma wanda ya naɗe Littafinsa a tsumma mai kyau ya sa a ƙarƙashin matashi domin ya kore masa mugun mafarki, shekara ta zagayo bai buɗe shi ba. Wannan ma ya fara ɗinka nasa Dirkin. Mutanen Kano sun yi kusan shekara 200 suna yanka wa littafi shanu, alhali da sun buɗe shi sun karanta da sun ga ya hana su yin haka, malaman Musulunci na lokacin kuwa sun faɗa musu. Littafi domin a karanta shi aka rubuta shi, a kuma yi aiki da abin da ya ce.

In ka bi ta hanyar Ɗambatta da kaka, ka ga dammunan gero a jere da jakuna suna kai hatsi gida, ka tuna da Alwali ɗan Yaji, wanda ya cika rumbuna amma yunwa ta same shi, ya fasa Dirki amma sarauta ta kuɓuce masa, ya faɗa wa Zazzagawa gaskiya suka kore shi. Sarki goma, zamani goma. Allah ya ba shugabanninmu tausayin talakawa, ya ba mu damina mai albarka, ya kuma zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Sai mun sake saduwa a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.